Ungulu Ta Bar Kwata, Gidan Tsamiyar Ma Babu



Rubutunmu na yau ba sanarwar ɗaurin aure ba ce, ba kuma tunin kuɗin wata ba. Magana ce a kan tsuntsu, tsuntsun ma wanda ba kowa ke son jin sunansa da sassafe ba, wato ungulu. Mun san wasu za su yi dariya su ce ofishin sakatare ya rasa aikin yi. Muna roƙo a daure a karanta har ƙarshe, domin maganar ta taɓa mahautanmu, da direbobin da ke ɗauko shanu daga Arewa, da 'yan uwanmu masu sayar da maganin gargajiya, ta kuma taɓa lafiyar duk wanda ke sayen nama a kasuwa.

Kowa ya tambayi kansa: yaushe rabonsa da ganin ungulu ido da ido? Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya taso ya tarar da ungulaye jere a kan rufin kwata, ko a Kano ne, ko Katsina, ko Zariya, ko Azare. Ranar kasuwa suna tsalle-tsalle a gefen mahauta, yara na koransu suna dawowa. Ranar Babbar Sallah kuwa, kafin a gama feɗe rago sun cika katanga suna jiran rabonsu. Dattawan da suka riga mu zuwa Kurmi sun ce a nan ma haka suka same su a wuraren yanka. Yau a kwatocin da mutanenmu ke aiki sai hankaka da shirwa da belbela, sai karnuka, sai ƙudaje. In ka koma gida hutun Sallah ma, sai ka yi sati biyu ba ka ga ko ɗaya ba.

Harshenmu cike yake da ita. Mukan ce ungulu ba ta jewar banza. Mukan ce an yi mana ungulu da kan zabo. In mutum ya koma halinsa na da, mu ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas suna jin waɗannan maganganu a bakinmu, amma yawancinsu a waya kawai suka taɓa ganin mai sunan.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ƙungiya da hedikwatarta ke nan Legas tare da mu, Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF. Ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba, kuma ba don riba aka kafa ta ba. Marigayi Cif S. L. Edu, attajirin Legas, shi ya jagoranci kafa ta a 1980, aka yi mata rajista a 1982. Ita ce abokiyar aikin BirdLife International a Najeriya, wato gamayyar ƙungiyoyin kare tsuntsaye ta duniya. Ita ke kula da dajin nan na Lekki da aka keɓe tun 1990, mai faɗin hekta 78, inda aka yi doguwar gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman itatuwa. Da yawa cikinmu sun sha wucewa ta ƙofar wurin a kan babur ko a cikin danfo ba su san abin da ke ciki ba.

Mun kai ziyara wurin da ɗaliban makarantar Islamiyyarmu da wasu iyaye. Yaran dai birai da gada suka je gani, kuma sun gani har sun ƙoshi. Mu manya abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Wani matashi cikin masu yi wa baƙi jagora ya ba mu aron madubin hangen nesa, ya nuna mana wani tsuntsu mai dogon baki a kan reshe, ya faɗi sunansa da Turanci. Wani dattijo cikinmu, tsohon mahauci ɗan asalin Haɗeja, ko madubin bai karɓa ba ya ce, "Yaro, ai wannan cilakowa ce. Macen takan shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta 'yar kafa har ta yi ƙyanƙyasa." Matashin ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Baba, a wace makaranta ka karanta wannan?" Dattijon ya ce, "A makarantar kiwon awaki."

Daga nan hira ta ɓalle, har ta kai kan ungulu. Matashin ya ce ƙungiyarsu ta yi shekaru tana gangamin ceto ungulu, kuma babu wanda suke son ji daga bakinsa kamar mahauta, domin su ne suka zauna da ita kullum. Mun dawo gida mun bi diddigin maganar, ga abin da muka samu.

Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba a biyan ta albashi. Ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtukan da ke cikin mushe, har da masu haɗari ga mutum da dabba. Garken ungulaye kan share mushen saniya cikin ɗan lokaci, kafin ya ruɓe ya tara ƙuda ko ruwan sama ya wanke shi zuwa rijiya da rafi. Ba ta kama kaza, ba ta taɓa hatsi. Abin da ya riga ya mutu kawai take ci. In ta tafi, mushen ba ya tafiya tare da ita. Karnukan da ba su da masu su da ɓeraye su ke gadon abincin, su kuwa suna shiga gidaje, suna cizo.

Ƙasar Indiya ta ga wannan da idonta, kuma labarinta ya kamata ya shiga kunnen duk mai harkar shanu. A shekarun 1990 makiyaya a can suka fara yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Maganin yana yi wa saniya amfani, amma in ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci naman, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Cikin shekara goma sha biyar, manyan ungulayen ƙasar iri uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya taru a bayan gari, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana amfani da maganin ga dabbobi, aka koma wa wani mai suna meloxicam wanda ba ya cutar da ungulu. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulu ta jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Tsuntsun da ake raina wa, ga abin da rashinsa ya jawo.

A Afirka hanyar daban ce, amma inda aka nufa ɗaya ne. A 2015 masana suka haɗa ƙididdigar da aka yi a sassan nahiyar, suka gano cewa ungulaye iri takwas sun ragu da kashi 62 cikin 100 a matsakaici cikin shekara 30. Da suka duba mace-macen da aka rubuta, kashi 61 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu. A wannan shekarar ce hukumar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa ungulun kwata da muka sani a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa daga daji. Maiki, babban yayanta, shi ma yana wannan mataki. A 2019 ungulaye 537 suka mutu a Botswana bayan sun ci mushen giwaye da mafarauta suka zuba wa guba. A 2020 fiye da 2,000 suka mutu a Gini Bisau, a nan Afirka ta Yamma, an tarar da da yawa an yanke musu kai.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, kuma sai ta yi watanni tana renon ɗan kafin ya tashi. Kaza takan ƙyanƙyashe goma a zama ɗaya. Ungulu in aka kashe goma, sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsu. Sannan a kan dogayen itatuwa take sheƙa, irin su tsamiya da rimi da kuka da giginya. Ku tuna manyan tsamiyoyin da ke bakin kasuwar garinku lokacin kuna yara. Nawa suka rage? An sare wasu an yi gawayi, wasu an yi filoti a wurin. Gidan tsamiyar da muke ce mata ta koma, shi ma mun wayi gari babu shi.

Yanzu ga inda maganar ta zo kusa da gida. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa kasuwannin Najeriya da na Jamhuriyar Benin su ne kan gaba a cinikin ungulu a Afirka ta Yamma. Ana sayen kanta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta don neman sa'a, ko farin jini, ko nasarar zaɓe, ko maganin wata lalura. Da ta yi wuya a cikin ƙasa, sai mafarauta suka fara tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai wata irin farar ungulu da masana ke kira ungulun Masar, wadda ke hayayyafa a Turai ta zo Afirka cin rani. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka ɗaura wa wani ɗanta na'urar bin sawu, suka sa masa suna Paskalis. Ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya sauka a kudancin Nijar lafiya. A farkon 2014 na'urar ta nuna abin da ba su so ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar wani mafarauci da ya shigo daga Najeriya ne ya kashe shi don ya kai wa masu saye. Tafiyar dubban kilomita ta ƙare a cikin buhu.

Kayan da ke tasowa daga can zuwa kasuwannin Kudu ba da fukafukai suke zuwa ba. A mota suke zuwa, a kan hanyar da shanu da albasa da tumatir ke bi, wato hanyar da mutanenmu suka fi kowa sani. Shi ya sa muka ga bai kamata mu jira wani ya zo daga waje ya faɗa mana ba.

Mun kawo maganar a zaman wata, kuma ba ta wuce salin alin ba. Wani ɗan uwa mai shimfiɗar magani, mutum mai mutunci da bai taɓa fashin biyan kuɗin ƙungiya ba, ya miƙe ya ce, "Malam Sakatare, ni ban taɓa kashe ungulu ba. Kawo mini ake yi, kuma masu nema manyan mutane ne masu zuwa da manyan motoci. In na ce babu, maƙwabcina zai ce akwai. Da me zan biya kuɗin makarantar yara?" Wuri ya yi tsit, domin kowa ya san tambayar tana da nauyi. Sarkin Fawa ne ya amsa masa. Ya ce, "Ɗan uwa, ka ce da wuya kake samunta yanzu, kuɗinta kuma kullum hawa yake. To ranar da ta ƙare gaba ɗaya, me za ka sayar? Gara ka saki abin tun yana hannunka, kafin shi ya sake ka. Mu kuma da muke kwata, mu muke shaƙar warin da ta bari."

Ba a tashi ranar da kowa ya gamsu ba, kuma ba za mu ɓoye muku hakan ba. Amma akwai abin da ya sassauta zukata. NCF ba da 'yan sanda ta fara tunkarar masu maganin gargajiya ba. Zama ta yi da ƙungiyoyinsu a jihohin Kudu maso Yamma da wasu na Arewa, aka tattara itatuwa da saiwoyin da su kansu masu maganin suka ce suna iya maye gurbin sassan ungulu a sana'arsu. Mai shimfiɗa da ya san sassaƙe da ganye bai rasa abin sayarwa ba. Ɗan uwan namu ya ce zai so ya ji daga bakin takwarorinsa da suka bi wannan hanya, mu kuma muka ɗauki nauyin neman yadda za a haɗa su.

Akwai wani ɓangaren aikin da ya fi sauƙi, wanda kowa zai iya shiga, shi ne kallon tsuntsaye da ƙirga su. Da yawanmu mun ɗauka wannan shagalin Turawa ne da 'yan boko masu lokacin ɓatawa. Ashe da shi ake gane halin da ƙasa ke ciki. A ƙauyen Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, da aka kafa a 2001 a gefen dajin Amurum, tana aiki tare da Jami'ar Jos. Tun 2015 cibiyar ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta duk tsuntsun da suka gani a manhajar waya mai suna BirdLasser. Najeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma ba a iya kare abin da ba a san inda yake ba.

To su waye suka fi mu yawo a ƙasar nan? Direban tirela da ke tasowa daga Maigatari ko Potiskum ko Illela zuwa Legas yana ratsa jihohi bakwai ko takwas a tafiya ɗaya, yana tsayawa a kasuwannin kara da wuraren yanka. Mahauci yana kwata tun asuba. Makiyayi ya san inda maiki ke sauka. Manomin da ya taso a karkara ya san zuwan shamuwa alamar damina ce, ya san gauraka da dinya da zalɓe da carki, ya san wanda ya daina gani. Gauraka da ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasar Najeriya, yau da wuya ka gan shi a daji, sai a gidajen masu hali. Wannan sani yana cikin kawunan dattawanmu, kuma in ba a rubuta ba, da su zai tafi.

'Yan uwanmu na Haɗeja da Nguru da Gashuwa sun fi kowa sanin wannan aiki, domin a fadamarsu NCF da abokan aikinta na waje suka fara wani shirin kare dausayi tun 1987. Tsuntsayen ruwa daga Turai kan sauka can da hunturu, musamman a Dagona cikin ƙasar Bade, inda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya kai ziyara a 1989. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamar, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Inda tsuntsu ya rasa wurin sauka, a nan masunci ya rasa kifi, mai shinkafa ya rasa gona. Wasu cikin matasan da ke tura baro a Mile 12 yau, wannan ce ta koro su daga gida.

Ga abin da zaman ya amince da shi, kuma muna sanar da waɗanda ba su samu halarta ba.

An buɗe littafi a ofishin sakatare. Duk wanda ya ga ungulu ko maiki, a nan ko a hanya ko a gida, ya turo mana sunan wurin, da ranar, da adadinsu, da hoto in ya samu. In sheƙa ce ya gani a kan itace, ya faɗa mana mu kaɗai, kada ya sa a Facebook, domin masu nemanta ma suna karanta Facebook. Abin da ya taru za mu miƙa wa masu aikin taswirar, kuma matasa biyu sun karɓi nauyin koyon manhajar.

Shugabannin direbobi sun yi alkawarin yi wa mutanensu magana, kada a karɓi saƙon buhu ko kwali da ba a san abin da ke ciki ba. Wannan ma kariya ce ga direban kansa a shingayen bincike.

Masu dabbobi, in kare ko kura ta dame ku, kada a zuba guba a mushe. Mushe ɗaya mai guba yana iya kashe ungulaye masu yawa a yini ɗaya, ya kashe karen maƙwabci, ya gurɓata ruwan sha. In za a yi wa saniya allurar ciwon jiki, a tambayi likitan dabbobi sunan maganin, a tuna da abin da ya faru a Indiya.

Waɗanda ke gina gida a Arewa, in akwai tsohuwar tsamiya ko rimi a filin, a duba ko za a iya barinta. Inuwa ce gare ku, gida ne ga wasu.

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar wayar da kai kan ungulu a duniya. Muna shirin mu yi zama a ranar a harabar makarantar Islamiyya, dattawa su ba yara labarin tsuntsayen da suka sani da sunayensu na Hausa, mu kuma mu rubuta. Iyaye mata, muna buƙatar ku musamman, domin tatsuniyoyi da karin maganar a wurinku suke.

Mun san ungulu ba ta da kyan gani, kuma babu wanda zai sa ta a keji don ta yi masa kuka. Aikinta ne ya sa muke maganarta, kuma aikin nan har yau babu wanda ya karɓe shi a kwatocinmu. Wanda ya ga wata a 'yan watannin nan, ya rubuta mana a ƙasa garin da ya gan ta da adadinsu, da shi za mu buɗe shafin farko na littafin. Wanda kuma yake da ƙorafi a kan abin da aka yanke, ƙofar ofis a buɗe take bayan la'asar, kuma za a sake tayar da maganar a zama mai zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin shugabanni.